Robar Kunnen Rilwanu

Shekara goma sha bakwai Rilwanu yana jan bas tsakanin Gwaram da Birnin Kudu kafin jinsa ya fara ɗaukewa. Kunnen hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama saura ƙiris. Bai faɗa wa kowa a tasha ba. Idan fasinja ya yi magana sai ya kalli bakinsa ta madubi ya gyaɗa kai. Matarsa Nasiha kaɗai ta sani, ita ce kuma ta ji a rediyo cewa wasu masu bincike sun zo Birnin Kudu suna neman masu matsalar ji.

Shugabarsu, Dakta Hidaya, ta yi masa bayani a hankali yana bin leɓenta da ido. Za a ba shi na'urar ƙara ji. Amma abin da ake gwadawa shi ne 'yar robar da ke shiga ramin kunne. A da sai an aika awon kunne birni a yi wata biyu ana jira. Yanzu hoton ramin ake ɗauka, inji ya buga robar daidai da shi a yini guda.

"Muna so mu san ko tana zama lafiya," in ji ta. "Duk abin da ka ji, ka faɗa mana."

Ya sa hannu a takarda. A hanyar komawa gida ya ji wani ƙarfe yana kaɗawa a ƙarƙashin motarsa, wanda Allah kaɗai ya san tun yaushe yake yi. Ya yi ta dariya shi kaɗai.

A kwana na biyar robar ta fara cizonsa. A na takwas, da ya cire ta zai yi alwala, Nasiha ta ga jini a jikinta.

"Malam, ka koma musu."

"In koma su karɓe? Da idona na ga wani mutumin Farin Dutse ya shiga da tasa ya fito babu."

"Ka tambaye shi dalili?"

Ya ɗauki butarsa ya fita. Da Dakta Hidaya ta kira shi a waya washegari, ya ce mata komai lafiya lau. Yana ajiye wayar ya ɗauki reza ya fere gefen robar inda take gogarsa. Zafin ya ragu, sai dai robar ta yi sako-sako, kuma na'urar ta fara wani siririn fito idan ya juya wuya.

Ranar kasuwar Gwaram ya yi lodin mutum goma sha huɗu da buhunan riɗi. Sun wuce Kwandiko kenan motar ta faɗa wani rami, robar ta goce, fiton ya tsaga masa kai kamar an soka allura. Ya fizge na'urar ya jefa a cinyarsa. Duniya ta yi tsit.

Ga wani ramin a gaba. Ya murɗa sitiyari hagu zai kauce.

Abin da ya fara gani bakin matar da ke gefensa ne, a buɗe, tana dukan kafaɗarsa. Sai inuwa ta rufe tagarsa. Tifa ce cike da yashi ta fito za ta wuce shi. Ya karya kan motar dama da duk ƙarfinsa. Madubin gefensa ya tarwatse, bas ɗin ta gangara cikin wata gonar dawa tana tangaɗi, ta tsaya.

Ba wanda ya ji ciwo. Mata na salati, wani na amai a gindin kara. Rilwanu ya kasa sakin sitiyari. Da ƙyar ya lalubo na'urar ya mayar, daidai lokacin da wani dattijo ya leƙo ta taga.

"Direba, tun daga kwanar can mai tifar yake danna maka hon. Ba ka ji ba ne?"

"Ban ji ba, Baba," in ji Rilwanu. "Ba na ji."

Da safe Nasiha ta raka shi Birnin Kudu. Dakta Hidaya ta haska kunnen ta daɗe tana dubawa, sannan ta juya robar a tafin hannunta ta ga shatin reza. Rilwanu ya sunkuyar da kai, ta ce ya ɗago don ya ga bakinta.

"Malam Rilwanu, ka ce mini lafiya lau, na rubuta lafiya lau. Da haka za a kai rahoto. Har yara ƙanana za a buga wa irin wannan, waɗanda ba su iya cewa tana ci musu kunne ba."

"Tsoro na ji kada ku karɓe, kamar ta mutumin Farin Dutse da na ga ya fito babu."

"Takardar da ka sa wa hannu ta ce na'urar taka ce, ko ka fita daga binciken. Mutumin da ka gani, sabuwar roba muka buga masa."

Ta riƙe wadda ya fere, ta ce za ta kira sauran mutum talatin da ɗaya ta duba su da idonta, ba ta waya ba. Shi kuma kwana goma ba zai sa komai a kunne ba sai ciwon ya warke, kuma ba zai taɓa mota ba.

Daga asibiti tasha suka wuce. Rilwanu ya miƙa wa shugaban direbobi makulli, ya faɗa masa komai a gaban mutane. Shugaban ya ce ba zai koma kan titi ba sai da takardar likita.

Mutum uku Dakta Hidaya ta samu da rauni a daidai wurin nasa, aka canza yadda ake buga gefen robar. Tasa ta biyu ta zauna ba cizo. Takardar komawa tuƙi kuwa sai da ya yi wata guda yana zuwa gwaji kafin ta ba shi.