Hancin Onarabul

Tun da ruwa ya tafi da gadar bakin layin, kowa ya koma ɗan tsalle. Lambatu ne mai faɗi, baƙi ƙirin, wanda ya faɗa sai an canza masa ruwan wanka. A gefensa kuwa ga ƙaton allon ƙarfe, Onarabul na murmushi a kai, haƙora duk a waje, an rubuta zai gina gada. Zaɓe ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, murmushin nan ko gezau.

Mai Wanki, wata dattijuwa a layin, ba ta damu ba sai da cikin surukarta ya tsufa. Yarinya ta zama kamar randa, likita ya ce haihuwar nan sai a asibiti, mota kuma a tsallaken lambatu take tsayawa. Randa dai ba ta tsalle.

Ta sami maigidanta da maganar. Shi ne wanda 'yan layi ke kira Ciyaman, alhali ko kaji bai taɓa shugabanta ba. Tun da aka ba shi hular jam'iyya, kullum safiya sai ya goge fuskar Onarabul da tsumma. Ya ce ta yi haƙuri, maganar gada tana kan tebur.

"Malam, a kan tebur ɗin za ta haihu?"

Ya ce mata ba su san siyasa ba, ya saɓa tsummansa.

Ranar da ya tafi taro, ta kira mai walda da kafinta. Mai walda ya auna allon da ido, ya ce kamar don lambatun aka yanka shi. Aka datse ƙafafun, kafinta ya jera katako a ƙasa, matan layi suka yi ta jido duwatsu. Gardama ɗaya aka yi, a kife shi ko a kwantar da shi rigingine. Mai Wanki ta ce haba, babban mutum ba ya kallon ƙazanta, a bar shi ya ga masu zaɓensa.

Da naƙuda ta zo, suruka ta hau allon ta wajen haɓa, ta sauka ta wajen hula, lafiya lau.

Ciyaman kuwa ya yi rantsuwa ƙafarsa ba za ta taɓa fuskar nan ba. Ya ci gaba da tsalle a gefe, gwiwoyi na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ranar dawowa daga asibiti, ana sauka daga mota Mai Wanki ta danƙa masa jaririn, wai hannunta da kaya, ta haye abinta. Tsoho ya dubi lambatu, ya dubi jikansa, ya dubi mutanen da suka taru suna jira.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri," in ji shi, ya taka hanci.

Washegari ma ya fito da sassafe kamar kullum, amma da tsintsiya.