Taka Ce, Baffa

Ni dai tun farko ban ga abin so a motar ƙanena Mishari ba. Kujera biyu kacal, bayansu an cika shi da ƙarafa, ga wani fiffike a kan but kamar teburin guga. Cikinta daf da ƙasa, babu tudun rage gudu a unguwarmu da bai kurje ta ba. Don filin tsere aka ƙera ta, sai dai an maƙala mata wurin lamba don 'yan sanda su bar ta ta bi titi. Shi kuwa Mishari duk faɗin Kuwait ba abin da yake ƙauna kamarta. Kowace Asabar da safe yana filin tsere. Amma zan yi masa shaida, a titi tuƙin tsofaffi yake yi.

Baffanmu Du'aij bai yarda da wannan ba. Ɗansa Fawwaz a hanyar Wafra ya rasu, yana tsere da abokai ya haɗu da tankar ruwa. Tun daga nan in ya ji kukan inji sai fuskarsa ta sauya.

Wata Talata bayan magariba muna diwaniyyarsa, wato zauren baƙinsa, cike da maza, sai Baffa ya leƙa ta taga ya ce, "Masha Allahu, Mishari, motar nan ta yi kyau."

Mishari ya dafa ƙirji ya faɗi abin da kowane ɗan halas zai faɗa. "Taka ce, Baffa."

Kowa ya san amsar da ake bayarwa: Allah ya bar ta ga mai ita. Baffa kuwa sai ya miƙo tafin hannu. "Na karɓa. Allah ya yi maka albarka."

Baki shi ke yanka wuya, in ji masu magana. Mishari ya ɗora masa makulli a hannu, ko gezau bai yi ba, ni na mayar da shi gida a motata.

"Ka haƙura," na ce masa a hanya. "Ka sayi mai ƙofa huɗu kamar kowa."

"Yaya Badar, yaushe ka taɓa ganin na haƙura?"

"To roƙonsa za ka yi? Ka yi kyauta a bainar jama'a ka koma ka ce a ba ka? Wallahi sai mun tashi daga unguwar."

"Ba zan roƙi motar ba," ya ce.

Da Talata ta zagayo ya riga ni zuwa zauren. Aka miƙa masa finjalin gahawa, ya karɓa, ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba. Gabana ya faɗi. Baƙon da ya ajiye gahawa da buƙata ya zo, kuma mai gida na ƙwarai ba ya barin ta ta huce. Na ce a raina, shi ke nan, yaron nan zai kwance mana zani a kasuwa.

Baffa ya daɗe yana kallon finjalin. "Sha gahawarka, ɗana. Abin da ka zo nema ka samu."

"Ranka ya daɗe, so nake in tuƙa ka a motarka. Ranar Asabar, a filin tsere."

Wani tsohon abokin Baffa ya bushe da dariya. "Du'aij, yau yaro ya ɗaure ka da igiyarka."

Baffa bai saɓa ba. Asabar da hantsi ya iso da farar rigarsa da takalmin aro sau-ciki, ya cire mayafin kansa ya miƙo mini, aka kifa masa hular kwano. Shigar da shi motar ma aiki ne, ni na riƙe kafaɗa, Mishari ya lanƙwasa masa ƙafa.

"Wannan mota ce ko akurkin kaji?" in ji shi, ana ɗaure shi da bel.

Na tsaya a bakin katanga ina kallo. Da farko Mishari lallaɓawa ya yi. Can sai ya sakar mata, kukan injin ya shiga haƙorana, ta wuce ni kafin in juya wuya. Na tsorata ƙwarai, ban da salati ba abin da nake yi.

Suna cikin haka wata shuɗiyar mota da ke gabansu ta ƙwace a kwana, ta yi juyi, ta afka cikin tsakuwar da aka shimfiɗa a gefe. Nan take aka ɗaga tutoci, kowa ya rage gudu, motar asibiti ta nufi wurin. Mishari ya shigo gefe da motar ya tsaya kusa da ni. Daga nan muna hangen direban shuɗiyar ya fito da ƙafafunsa, ya ɗaga wa mutane hannu, har da shurin taya don haushi.

Na buɗe ƙofar Baffa. Bai motsa ba, idonsa na kan mutumin. Gemunsa a jiƙe yake a ƙarƙashin hular.

"Babu tanka a nan," ya ce.

"Babu, Baffa," in ji Mishari. "Ba mai tahowa ta gabanka. Shi ya sa nake zuwa."

"Fawwaz ya nemi in bar shi ya riƙa zuwa nan. Na ce wasan banza ne, na hana shi."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa duban fuskarsa. Da muka fito da shi ya ce a ba shi sukundireba. Dattijo mai shekara saba'in ya durƙusa a gaban motar yana kwance lambar. Na yunƙura in taya shi, ya bige mini hannu. Ya gama da ta gaba, ya zagaya ya kwance ta baya, ya miƙe da ƙyar, sannan ya miƙa wa Mishari makulli.

"Kyauta ba ta komawa, motata ce. A nan za ta zauna. Ka ci gudunka a nan iya son ranka, titi kuwa ita da shi har abada."

Mishari ya sumbaci goshinsa.

"Badar, kai ni gida," in ji Baffa.

Har muka isa ƙofarsa lambobin nan biyu suna kan cinyarsa, ya dafe su da hannu biyu.