Kibiyar da Reino Ya Saki a Bakin Rafi

Tun da Reino Kangas ya cika shekara goma sha biyar, lokacin farautar barewa bai taɓa wuce shi ba, ga shi yanzu yana da saba'in da ɗaya. A ƙauyensu da ke arewacin Michigan, kowa ya san shi da baka. Masu bindiga sai Nuwamba suke fita, shi kuwa tun farkon Oktoba yana kan bishiya.

Ranar da abin ya faru, da ruwa aka wayi gari. Matarsa Helmi tana zuba masa kofi ta ce, "Wannan ruwa ko agwagwa ta leƙo sai ta koma ɗaki."

"Irinsa nake so," in ji Reino. "Ganye ya jiƙe, barewa ba ta jin takun mutum."

"Gwiwoyinka fa? Kada ka dawo kana nema in shafa maka magani."

Ya yi dariya, ya rataya kwarinsa mai kibiya shida, ya fita.

Yana da wani ɗan gadon katako da ya kafa a kan bishiya a bakin fadama, inda gonarsa ta yi iyaka da ta Sulo, ƙanin Helmi. Nan ya hau ya zauna har awa biyu. Ruwa sai taruwa yake a kan tabarau ɗinsa. Ya goge, ya sake gogewa, da ya gaji ya cire shi ya jefa aljihu. A ransa ya ce, taku talatin ai ba nisan da zai nemi gilashi ba ne.

Wajen ƙarfe tara ya ga motsi cikin ƙananan itatuwan bakin rafi. Wani abu ne mai ruwan ƙasa, ya sunkuyar da kai kamar yana shan ruwa. Da ya ɗago, Reino ya ga ƙahoni masu rassa. Ya ja tsirkiya har gefen baki, ya auna bayan kafaɗa, ya saki. Ya ji kibiyar ta samu. Abin ya faɗa cikin rafi, aka ji karyewar itatuwa, daga nan sai ƙarar ruwa kaɗai.

Ya jira rabin awa kamar yadda mahaifinsa ya koya masa, don kada ya kori dabba mai rauni ta yi nisa. Da ya sauko bai sami komai ba. Rafi ya cika ya shafe sawu, in ma akwai jini ruwa ya wanke. Ya yi ta kewaya fadamar har rana ta raba, sannan ya koma gida jiƙe sharkaf, ransa a ɓace. Babu abin da ya tsana irin barin dabba da kibiya a jiki.

A ɗan ɗakin da ke gaban ɗakin wankan tururi yake shanya kayansa. Bai ko ci abinci ba ya kama aiki. Ya kwance tsirkiya ya goge ta, ya murza mata kakin zuma da yatsu har ya narke ya shige. Ya share bakan da busasshen ƙyalle, ya kwantar da shi nesa da murhu, don zafin wuta yakan tsage itace. Helmi ta cusa tsofaffin jaridu cikin takalmansa, ta ɗora buta a wuta. Gashin kibiyoyin ya kwanta saboda jiƙewa, sai ya riƙa kara su a tururin butar ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa da ɗan yatsa har su miƙe. Yana cikin shafa wa tsinin kibiya ta uku mai, suka ji tsayuwar mota.

Sulo ne. Shi mutum ne mai surutu, tun daga bakin ƙofa yakan fara tsokanar mijin yayarsa. Yau shiru ya shigo. Hannunsa na dama na rataye a wuya da farin ƙyalle, fuskarsa ta yi fari fat. A hannun hagu yana riƙe da tsohuwar rigarsa ta aiki, mai kauri, mai ruwan ƙasa.

Helmi ta ce, "Sulo, me ya same ka?"

Ya shimfiɗa rigar a kan benci gaban Reino, ya ce, "Tsoho, na kawo maka barewarka."

Kibiya ce soke a bayan rigar. Ta shiga ta kafaɗar dama ta fito gab da wuya, yadin duk ya yi baƙi da jini. Gashinta rawaya ne, an naɗe gindinsa da jan zare, irin naɗin sauran biyar ɗin da ke jere a kan bencin.

Reino ya daɗe yana kallonta. Ƙyallen man ya suɓuce daga hannunsa. Helmi ta dafa bango ta zauna a kan tarin itacen wuta.

"Kwalbati ne ya toshe," in ji Sulo, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ruwa ya tara masa ganye da itace, zai cinye mini hanya. Na sunkuya ina ja, na ciro wani busasshen reshe na saɓa a kafaɗa. Sai na ji kamar an zuba mini tafasasshen ruwa a baya."

"Na ga ƙaho," in ji Reino. "Da idona na ga ƙaho."

"Reshen ka gani."

Helmi ta ce, "Ba ka yi kira ba? Yana nan kusa da kai."

"Muryar ta tafi, Helmi. Ban san ko wane ne ba, kuma na ɗauka kibiya ta biyu tana tafe. Cikin rafi na bi da rarrafe har inda na ajiye mota. Sai da na tuɓe rigar na ga jan zaren." Ya ɗan numfasa. "Ɗinki goma sha huɗu. Likita ya ce da ta matsa faɗin yatsa biyu, da yanzu kuna shawarar akwatin gawa. Na ce masa kwanon rufi ne ya zamo mini."

Helmi ta juyo ta dubi mijinta, sai a lokacin ta lura da fuskarsa. "Reino, ina gilashinka?"

Ya shafa idonsa, ya shafa ƙirji. Yana can cikin aljihun rigar ruwa da ke ɗiga a jikin ƙusa.

"Ko da shi ma," ya ce da ƙyar, "shekara guda ke nan ina ganin komai kamar cikin hayaƙi. Ban gaya miki ba. Na san abin da za ki ce."

"Shekara guda," in ji Helmi. "Kana hawa bishiya da makami, ƙanena yana noma a ƙasanka."

Sulo ya so ya sassauta. "Ni ma da laifina. Na shiga fadama lokacin farauta da riga kalar barewa."

"Kada ka ɗauke mini," in ji Reino. "Ba a sakin kibiya sai an ga ido, an ga kunne, an ƙirga ƙafafu. Ni na koya maka wannan."

Ya kai hannu kan kibiyar zai zare ta, ya kasa. Ya tashi ya fita cikin ruwan ba ko hula, ya dafa katangar rumbu ya yi ta amai.

Washegari ya sa Helmi ta kai shi gari a mota, ya shiga ofishin masu kula da gandun daji ya faɗi abin da ya yi, duk da Sulo ya roƙe shi ya bar maganar a gida. Suka karɓe takardarsa ta farauta. Ranar kuma ya naɗe bakan da kibiyoyin a bargo, ya kai gidan Sulo ya ce ya kulle su inda ba zai sani ba. Helmi ta yi kwana uku ba ta ce masa komai ba, sai dai ta ajiye abinci ta wuce.

A watan Janairu aka cire masa yanar ido, ganinsa ya dawo tas. Bai nemi bakan ba. Duk sanyin shekarar shi ya faskara wa Sulo itace, ya kwashe masa ƙanƙara daga bakin ƙofa. Raunin ya warke, amma hannun Sulo na dama bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Ranar Lahadi in an tashi daga coci, Reino ne ke ciro masa hularsa daga marataya. Sulo yakan ce, "Duba da kyau, tsoho, kada ka ba ni ta fasto." Mutane su yi dariya. Reino dai ya miƙa masa hular, bai taɓa taya su ba.