Hatimin da Bai Kai Ƙwayar Shinkafa Ba

Shekara talatin da ɗaya ina zama a teburin nan na ofishin lardi, Talatar farko ta kowane wata, ina duba takubban da mutane suka tsinto a rufin sito ko ƙarƙashin daɓe. Sunana Nagamine, sana'ata washin takobi, kuma an san ni da baƙar magana. Ban musa ba. Kai ma in ka yini kana gaya wa mutane cewa gadon kakansu sifirin mota ne, sai bakinka ya yi ɗaci.

Dokar gajeriya ce. Wanda ya tsinci takobi ya sanar da 'yan sanda, su turo shi wurinmu. In maƙeri ne ya ƙera shi da hannu irin na da, mu ba da katin rajista, ya koma gida da abinsa. In ba haka ba, a yayyanka.

Ranar nan ana ta yayyafi wata mata ta shigo rungume da doguwar aba a cikin zane, kamar mai ɗauke da jinjiri. Za ta kai sittin, hannuwanta duk kanta. Ta rusuna har sau uku, ta ce sunanta Kuramoto Fusae, daga kan dutse ta zo, mota biyu ta hau. Ta fara kwance wani ɗan ƙunshin tsamin kabeji za ta ba ni.

"Mayar da kayanki, Malama, nan ba gidan suna ba ne," na ce. "Ajiye takobin a nan. Kar ki zare, ni zan zare."

Ta ajiye, amma ba ta cire hannu ba. "Malam, abu ɗaya nake so ka gaya mini. Na gaske ne?"

Ban tambaye ta labari ba, ita ta zuba. Na ubanta ne, Sakuji. Da aka gama yaƙin duniya ya dawo ƙauye ba ya magana, ya ɓoye takobin a rufin sito. In ya sha giya sai ya ce shi ƙaramin hafsa ne, da takobinsa. Mutanen ƙauye suka ce ƙarya yake yi, tukunya ya wanke wa sojoji, takobin kuwa a kasuwar bayan fage ya saya, irin da ake ƙerawa ana damfarar sojojin Amurka. Yayanta Rikio ya tashi da wannan gori a makaranta, har ya tsani uban. Ita ta yi jinyar tsohon shekara tara. Ranar da aka ƙona gawarsa Rikio ya ce a gaban dangi, "An ƙona ƙarya yau."

Irin waɗancan na bogi na gani sun fi dubu, tun daga bakin ƙofa nake gane su. Zaren mariƙi duk gefe ɗaya yake kwanciya, don wanda ya naɗa sauri yake yi. Alamar nan mai kamar igiyar ruwa da ke bin kaifi da ruwan batir aka zana ta. Wannan kuwa zarensa na haye juna, ɗaya bisa ɗaya, ya yi baƙi da gumin hannu. Gabana ya faɗi.

Na buge ɗan tsinken gorar da ke riƙe da mariƙi, na zame shi, gindin ƙarfen ya fito. A nan gaskiya take, don ba a taɓa goge wurin. Masu bogi binne ƙarfe suke yi cikin gishiri, tsatsar ta fito ja, ka shafa ta bi yatsa. Wannan tsatsar baƙa ce, ta zauna daram. Can sama da sunan maƙeri sai ga shi: ɗan hatimin furen sakura, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shi ake bugawa a takubban da aka yi wa soja a masana'anta lokacin yaƙi.

Na miƙa wa abokin zamana Odagiri. Ya duba sau ɗaya ya jawo takarda. Mutumin nan ko uwarsa ce ta zo sai ya cika takarda.

"Na gaske ne, Malama," na ce. "Na soja ne, na lokacin yaƙi. Babu tantama."

Wayyo, da ka ga fuskarta! Ta toshe baki da hannu biyu, tana dariya hawaye na zuba. "Baba," ta ce, "ka ji ko? Ka ji?"

Na ba ta gilashin ƙara girma, na nuna mata wurin da bakin tsinke. Ta matso, ta ja baya, ta goge ido, ta sake matsowa. "E, e, na gani," ta ce.

Odagiri ya yi gyaran murya. "Tsoho, ƙarasa mata mana. Ko ni zan yi?"

"Rufa mini baki, na san aikina."

Na ƙarasa. Hatimin nan shi ke nuna ba ƙirar hannu ba ce. Ba kati. 'Yan sanda za su karɓa su yanka.

Ta ce, "Ban gane ba, Malam. Ka ce na gaske ne."

"Shi ya sa."

Da Odagiri ya fita shan taba na yi abin da ban taɓa yi ba. Na rage murya na ce, "Saurara. Zan rubuta cewa tsatsa ta hana mu gani, ki dawo wata mai zuwa. Ki biyo ta gidana. Magagari sau uku, hatimin ya ɓace, na san yadda ake mayar da tsatsa. Ƙarfen yana da kyau, zai iya wucewa."

"To in ka goge, me zan nuna wa Yaya?"

"Haba Malama! Takobi kike so ko Yaya?"

"In ka goge ya zama na bogi ke nan," ta ce a hankali. "Shekara arba'in ana ce wa Baba maƙaryaci. Ba zan ƙara masa da tawa ƙaryar ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na kusa zaginta. Ba don ta yi kuskure ba.

Kwana goma aka ba ta. Sau huɗu ta je gidan Rikio ta roƙe shi ya zo ya gani da idonsa, ya ce dashen shinkafa ya fi masa. Ni da kaina na buga masa waya. Ya ce, "Malam, ka yi mata kirki, na gode. Amma ni takardar hukuma nake ganewa." Aka yanka takobin ranar Juma'a. Mariƙi da kube suka mayar mata.

Takardar hukumar kuwa layi ɗaya ce, ni ma na sa mata hannu: bai cancanci rajista ba. Babu gurbin rubuta dalili. Rikio ya ɗauke ta ya zaga da ita ƙauye gida gida.

Da kaka ta biyo ta shagona, da ƙunshin kabejin nan. Wannan karon na karɓa. Ta rame. Ta ce ta soke mariƙin a bakin kube ta jingine kusa da hoton Baba, in ba ka ɗaga ba ba za ka san babu komai ciki ba. Na zuba mata shayi, ba ta sha ba, sai juya kofin take yi.

"Malam," ta ce, "ranar nan kunya na ji. Idona ya yi yana, shekara uku ke nan. Ban ga komai ba sai baƙi."

Na ajiye buta.

"Ka tabbata yana wurin? Ko tausayina ka ji?"

Na rantse mata da kabarin malamina. Na zana mata furen a takarda, babba, yadda za ta gani. Ta naɗe ta sa a aljihu, ta rusuna sau uku, ta ce, "Na gode, Malam. Yaya ma ya ce kana da kirki."