Motar Da Ke Fito

Akwai maganar da na tsana a garejin Kawuna Murtala, ita ce "a lallaɓa." Mota ta zo tana tari, a lallaɓa. Salansar mota ta faɗi, a ɗaure da waya a lallaɓa. Shekara talatin da wani abu Kawu yana gyaran mota a Funtua da kunne: ya kara kunnensa a bonet, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, ya ce fulogi ne. Idan aka canza fulogi ba ta gyaru ba, ya ce to ai dama sai an gwada. Ni kuwa shekara biyar na yi a Zariya ina karatun injiniya, ban dawo gida don in ci gaba da wannan canki-cankin ba.

Shi ya sa na haɗa daino. Wasu manyan ƙarafa ne guda biyu masu juyawa a cikin rami. A ɗora tayoyin mota a kansu, a ɗaure motar da sarƙa, a taka totur. Tayoyi na gudu, mota na tsaye, kwamfuta tana nuna ƙarfin doki nawa injin ke fitarwa. A gwanjon wani tsohon kamfanin gurzar auduga na samo ƙarafan, na kafa su a rumfar bayan gareji, inda Kawu ke jibge masararsa duk kaka. Wata biyu da kammalawa, babu wanda ya hau.

"Injiniya," in ji Kawu wata safiya, haka yake kirana idan zai yi min shaƙiyanci, "ranar Juma'a za a kawo buhu sittin daga gonar Mahuta. In kafin nan mutum ɗaya, ɗaya tak, ya hau wannan lilon naka ya dawo ya ce ya ga amfani, rumfa taka ce. In ba haka ba, ka cike raminka."

Ranar Litinin sai ga Alhaji Aƙilu, dillalin hatsi, da baƙar motarsa 'yar Kwatano mai turbo. Ko zama bai yi ba ya fara kai ƙara. Wai Onyekachi, mai sayar da takin zamani, wanda aka haifa a gabansa a bayan tasha, shi ke wuce shi duk lokacin da suka haɗu a hanyar Malumfashi, a cikin wata tsohuwar akori-kura shaƙe da taki.

"Wucewar ba ita ke ci min rai ba, Zainulabidin," ya ce da ni. "Sai ya rage gudu, ya leƙo ya ce, 'Sannu Baba Alhaji, ko in ja ka?' Ni! An ce kana ƙara wa mota ƙarfi. Ƙara mata."

Ya bar makulli ya hau Keke ya tafi kasuwa. Na ɗora motar a daino, ta ba ni doki ɗari da saba'in. Ga wanda bai sani ba, turbo kamar zugazugin maƙeri yake: hayaƙin salansa ke juya shi, shi kuma ya hura iska cikin injin wuta ta ƙara ci. Amma ba ya farkawa sai injin ya ɗauki zafi, allurar da ke nuna gudun injin ta haura dubu biyu. Na cire matatar iska na tarar da ita cunkushe da ɓurɓushin auduga kamar filo. Na sa sabuwa mai faɗin baki, na canza bututu, na sake wa kwamfutar motar lissafin mai da iska, ina yi ina gwadawa har sau tara. Na canza birki ma, don ba ni da niyyar kashe kowa. Da la'asar ta ba ni ɗari biyu da ashirin da ɗaya. Na buga a takarda na kai wa Kawu.

Ya riƙe takardar a juye. "Dawakai ɗari biyu da ashirin? To harawarsu fa, kai za ka riƙa yankowa?"

Ranar Laraba Alhaji ya dawo hula a karkace.

"Me na yi maka, ɗan nan? A da Kachi kaɗai ke wuce ni. Yau a Bakori har mai Keke ya wuce ni, da awaki biyu a baya suna kallona."

Na sake ɗora ta yana waje yana faɗa da Kawu. Ɗari biyu da ashirin da ɗaya, ko ɗigo bai ragu ba. Na fito na miƙa masa takarda na ce lamba ba ta ƙarya.

"Takardar zan hau zuwa Malumfashi?"

Kawu kuwa ya shiga rumfa ya fara auna ramina da taku, yana lissafin baro nawa na ƙasa zai ci.

Saura kwana biyu. Na roƙi Alhaji ya ɗauke ni gobe in ga abin da idona. Kawu ya ce shi ma zai bi, wai bai taɓa halartar jana'izar boko ba.

Alhamis bayan azahar muka kama hanya, ni a gaba, Kawu a baya. Alhaji yana tuƙi kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Muka bar gari, hanya ta buɗe, gonakin dawa hagu da dama. Ya ɗan ƙara taka totur, allura ta taɓa dubu biyu, turbo ya farka ya saki wata 'yar siririyar ƙara, fiiiii. Sai Alhaji ya ɗage ƙafa kamar ya taka garwashi.

"A'uzu billahi."

Mota ta lafa. Can ya sake takawa. Fiiiii. Ya sake ɗagewa, ya tofa addu'a a kan sitiyari.

"Alhaji, me ya sa kake cire ƙafa?"

"Kai kurma ne? Fito take yi! Da can a ɓoye take yi, in na yi ta'awizi ta daina. Tun da ka taɓa ta, ta cire kunya. A gidanmu yaron da ya yi fito sai an buge masa baki, kiran mutanen ɓoye ne. Ka duba inda muke, tsakar rana, ga tsamiya can. Da kaina zan gayyato su cikin mota?"

Jinina ya hau. Na yi watanni ina walda da lissafi, kuma ashe abin da zai cike min rami ke nan. Mutumin da ke sayar da tirela goma ta masara ta waya, ya san farashin Dawanau kafin a buɗe kasuwa, shi ne ke tsoron ƙarar bututu! Haka muke a garin nan: mu sayi abin da wasu suka ƙona ƙwaƙwalwa suka ƙera, mu zauna a kai muna tsoronsa, kuma kada wanda ya kuskura ya tambayi yadda yake aiki. Na ce ya tsaya a gefen hanya. Na ɗauko biro na zana masa turbo a bayan takardar, da fanka, da bututu, da kibiyoyi.

"Ranka ya daɗe, babu komai a ciki sai iska. Iska ce ke shiga ta nan da ƙarfi, ita ce kake ji."

Alhaji ya waiwaya baya a hankali. "Ka ji ko, Murtala? Da bakinsa ya faɗa. Iska ce."

"Ba irin wannan iskar ba! Iskar shaƙa!"

"Ɗana, duk wanda suka shiga, ai ta hanci suka shiga."

Muna cikin haka sai ga hon. Akori-kurar Onyekachi ta zo ta gifta, ta rage gudu. Ya leƙo da murmushi har kunne. "Baba Alhaji, lafiya? Akwai igiya fa a baya!" Ya wuce ya bar mu da hayaƙi.

Kawu ya gyara zama ya zuro kai tsakanin kujerunmu. "Alhaji, tayar da ita. Taka min in ji."

Alhaji ya hau hanya, ya taka a tsorace. Fiiiii. Kawu ya lumshe ido, ya karkata kai.

"Alhaji, tsakani da Allah, mota mace ce ko namiji?"

"Mace ce mana."

"To a ina ka taɓa jin mace mai mutunci tana fito? Wannan guɗa ce. An ƙara mata dawakai hamsin rana ɗaya, ba za ta yi guɗa ba? Kai ne kake toshe mata baki tun ba ta kai ƙarshe ba. Ka san kuwa ba a katse mai guɗa."

Na buɗe baki zan ce wannan ba ilimi ba ne, Kawu ya mintsine ni a kafaɗa. Alhaji ya ɗan taka ya kasa kunne, leɓensa na motsi.

"Kuma fa da ka faɗa," ya ce, "akwai kama da muryar Tsohuwa, mai yi mana guɗa a biki."

Ya danna ƙafa har ƙasa.

Kujera ta haɗiye ni. Kawu ya koma baya da ƙarfi, hularsa ta faɗa bayan kujera. Dawa ta zama kore ɗaya babu kara babu ganye, motar tana rangaɗa abin da ni na san iska ce a bututu. Kafin in gama salati mun cimma akori-kura. Alhaji ya sauke gilashi ya kwarara ihu, "Kachi! Ko in ja ka?" amma kafin ya rufe baki mun ba shi tazarar gona uku, ban jin ko harafi ɗaya ya isa kunnensa.

"Alhaji, birki!" na ce. "Shi ma sabo ne, a gwada shi!"

Da ƙyar ya yarda ya sauko. A Malumfashi ya saya mana tsire, yana ta shafa bonet. Da muka dawo gareji ya tsaya a gaban kowa ya ce ya ga amfani, amfani ƙwarai, kuma duk Funtua babu bakanike irin Murtala.

Bayan ya tafi na tare Kawu. "Ƙarya ka yi masa. Yanzu har ya mutu bai san yadda motarsa ke aiki ba, kuma zai gaya wa mutum ɗari."

"Kai ka ba motar ƙarfi, ni na ba mai motar ƙafa. Sauran ka koya masa a hankali, in ya yarda. Rumfa taka ce."

Ban yafe wannan bayanin ba, kuma ba zan daina gyara shi ba a gaban duk wanda ya maimaita. Amma ranar Juma'a da motar masara ta iso, Kawu ya nuna mata hanyar gida, ya ce a zuba a zaure.

Ina share rumfa sai ga Onyekachi ya faka akori-kurarsa a bakin rami. Na gaya masa gaskiya, tasa ba ta da turbo ko kaɗan, na ɗauko biro zan zana masa dalili.

"Injiniya, ajiye biron nan," ya ce. "Jiya Baba Alhaji ya zo har shago ya sauke min gilashi sau uku, wai ko ya ja ni. Ka sa mata ko ƙarami ne. Ba sai ta yi guɗa ba, ko shewa ce ta isa."