Tagogin da Tafinta Ya Liƙe

Duk baƙon da ya sauka a unguwar daga gida, kafin ya san inda ake hawa bas zai ji sunan Tafinta. Mai aski kan ce, "Kai masa takardar. Mutumin nan yaren ƙasar nan a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya." Tsohuwar da ke zaune a ƙasan benensu, wadda kowa ke kira Goggo, tana rantsuwa da idonta ta ga ya sa ɗan sanda dariya a bakin titi. Matarsa kuwa in ana yabonsa takan sunkuyar da kai ta gyara ɗaurin ɗankwali.

Shi kaɗai ya san iyakar abin da ya iya. Shekara uku ya yi yana tuƙa motar ɗaga kaya a sito kafin iyalinsa su iso. A can ya koyi ɗaga, sauke, hagu, dama, hattara, sai gaisuwa da ƙirga da zagi guda biyu. Takardun hukuma kuwa duk kamarsu ɗaya, suna a nan, adireshi a can, sa hannu a ƙasa. Da wannan ya yi suna. Ɗan abin da ya iya ɗin kuma yana faɗarsa da kyau, har mai sauraro ya ɗauka akwai sauran tuli a ciki.

Sanyin farko da iyalin suka gani a ƙasar, babbar 'yarsa ta kama tari. Shekararta bakwai. Uwarta na kiranta Aku saboda surutu, shi kuwa Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Suka kai ta asibitin unguwa. Likitar, wata mace mai furfura, ta saurari ƙirjin yarinyar, ta ce asma ce. Sannan ta nuna wayar da ke kan teburinta, ta tambaya a hankali ko a kira musu mai fassara.

Wannan kam ya gane. Matarsa na kallonsa, jinjira a cinyarta.

"Ba ma buƙata, mun gode," ya ce da yaren, tas, babu gargada.

Jin haka sai likitar ta saki jiki. Ta shiga zuba magana kamar an buɗe famfo. Ta nuna taga, ta nuna rigar sanyin yarinyar, ta ɗaga abin shaƙa guda biyu, shuɗi da ruwan ƙasa. Shi yana ta gyaɗa kai. Kalma huɗu kawai ya cafko, taga, sanyi, kullum, biyu. Ta yi rubutu a takarda ta miƙa masa, ya ninke ya sa a aljihu.

A tashar bas matarsa ta ce, "Maigida, me ta ce?"

Ya harhaɗa kalmomin nan huɗu yadda hankalinsa ya ba shi. "Ta ce a rufe tagogi kullum, kada sanyi ya taɓa ta. Shuɗin ta shaƙa in tari ya taso. Ɗayan na ajiya ne, in wannan ya ƙare."

"Baba, ba haka ta ce ba," in ji yarinyar. "Cewa ta yi a riƙa buɗe taga. Na ruwan ƙasan kuma..."

"Ke Aku, yi mana shiru," uwar ta katse ta. "Babanki da ke karanta wa unguwa takarda za ki gyara wa zance?"

Ya yi dariya, ya ja hular yarinyar ta rufe mata kunne. "Uwata, watanki nawa a makarantar? Wane likita ne zai ce a buɗe wa mai tari taga cikin wannan sanyi?"

Maganar ta yi ma'ana, har shi kansa ya kusa yarda. Yarinyar ta dube shi, ta haɗiye sauran abin da ke bakinta.

Ranar ya sayo salatef mai faɗi, ya bi tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya ya liƙe. Aka ƙure hita mai ɗumama ɗaki. Wankin jinjira aka riƙa shanya shi a ɗaki, a kan kujeru da ƙofofi. Goggo ta hawo bene gaishe su, ta cire rigar sanyinta tana fifita da hannu, ta ce, "Kai, ku kam kun dawo da zafin gida cikin ɗaki! Allah ya bar mana Tafinta."

Akwai wani zaure kusa da ɗakin karatu na unguwa inda ake koya wa yara waƙa da busa sarewa duk Asabar. A nan yarinyar ta tsinci rabin yaren da ta iya, cikin waƙoƙin yara. Ya ce a dakata sai sanyi ya wuce. Akwai kuma tudu a bayan gidajen, inda yara ke hawa katako su yi sulu a kan dusar ƙanƙara, iyaye na tsaye da fulas ɗin shayi. Wannan ma ya hana. Makaranta kaɗai ya bari, ita ma daga ƙofa sai cikin bas. Da yamma yarinyar kan goge gumin da ya taru a gilashin taga da hannun riga, ta tsaya tana kallon tudun.

Tarin bai ragu ba. Bango ya fara jiƙa. A bayan gadon yara wani baƙin tabo ya fito, matar ta goge, ya dawo ya fi da faɗi.

Da sarewar yake auna abin. In ya dawo aiki yakan tsaya a bakin ƙofa, makulli a hannu, yana jin yarinyar tana busa waƙar da aka koya musu. Da farko tana kai ƙarshen baiti da numfashi ɗaya. Bayan mako biyu sai ta tsaya a tsakiya. Daga baya sauti uku, huɗu, sai tari. Ran nan ya tsaya ya tsaya, bai ji komai ba.

Takardar likitar na nan a aljihunsa, ta yi laushi don ninki. A banɗakin sito ya haska ta da wayarsa ko za ta fassara, amma rubutun hannu ne irin na likitoci, wayar ta kawo masa shirme. Sau biyu yana nufar shugaban aikinsu da takardar a hannu, da ya isa sai ya tambayi lokacin tashi. A unguwa kuwa wa zai nuna wa? Tafinta yana neman mai karanta masa takarda? Kafin la'asar zancen ya kai shagon aski. Ya ce wa kansa gobe. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa, abinci ya daina shiga masa, matarsa na tambaya ko aiki ne ya yi yawa.

Wata Laraba da safe, ana shirin makaranta, yarinyar ta zauna a bakin gado da safa ɗaya a ƙafa. Kafaɗunta na hawa suna sauka. Ƙirjinta na ƙara kamar fito.

"Maigida! Zo ka ga yarinyar nan!"

Aka ba ta shuɗin, ta shaƙa, ta sake shaƙa, babu wani sauƙi. Ya naɗe ta a bargo ya saɓa a kafaɗa, ya sauko bene bibbiyu, matar na binsa da jinjira da jakar magani. Bai san da wane yare ya yi wa mai tasi magana ba.

A asibiti nas ta karɓe ta da sauri, aka sa mata abin rufe hanci mai fitar da tururi. Minti ashirin suna tsaye a kanta. A hankali kafaɗun suka lafa. Likitar nan mai furfura ta shigo, ta duba yarinyar, ta juyo gare shi ta fara magana da saurinta na ran nan. Kansa ya soma gyaɗawa da kansa, don sabo.

Ya tsayar da shi. Ya nuna wayar da ke jikin bango.

"A kira," ya ce. "Ban gane ba."

Matarsa ba ta jin yaren, amma ta ga inda yatsansa ya nuna.

Muryar wata mata ta fito daga wayar, ta yi sallama da Hausa. "Likita tana tambaya, na ruwan ƙasan, yarinya tana shaƙarsa safe da yamma kamar yadda aka rubuta?"

Matar ta buɗe jaka ta fito da kwalin, ko ledarsa ba a yage ba. "Ai wannan na ajiya ne."

Likitar ta dubi kwalin, ta dubi Tafinta, ta yi magana a taƙaice.

"Ta ce wannan shi ne maganin kullum, shuɗin na gaggawa ne kawai. Tana tambaya, kuna buɗe tagogi iska ta shiga sau biyu a rana? Akwai danshi ko baƙin tabo a bango? Kuna shanya a ɗaki?"

Matar ta amsa ɗaya bayan ɗaya, muryarta a ƙasa, ba ta ko dubi inda yake ba. Sannan ta yi tata tambayar, ko yarinya za ta iya fita cikin sanyi.

"Ta ce in ta warware ta fita ta yi wasa kamar kowane yaro, a rufe mata baki da hanci da mayafi. Waƙa da busa ma babu laifi. Ta ce duk ta faɗa wancan zuwan."

Yarinyar na kwance, abin tururin a fuskarta, idonta a kan babanta. Ba ta ce ai na faɗa ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

Likitar ta koma gefe tana rubutu. Ya matsa kusa da gadon, ya gyara bargon da ba ya buƙatar gyara.

"Uwata, za ki sha lemo? In mun fita zan saya miki katakon sulun nan, ja, mai igiya. Asabar kuma ni da kaina zan kai ki wurin sarewa."

"Ba katako take jira ba," matarsa ta ce, tana jijjiga jinjira.

Ya dubi nas, ya dubi bayan likitar, ya dubi wayar da har yanzu ba a kashe ba. Bai taɓa jin babansa ya faɗi irin wannan magana ga yaro ba, shi ma bai taɓa ba. Ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai da tata, ya kama hannunta.

"Ran nan ban ji abin da likita ta ce ba. Kunya ta hana ni faɗa, na ƙirƙiro nawa. Ke kika ji daidai, na sa aka rufe miki baki." Ya ɗaga murya yadda matarsa ma za ta ji. "Ni na ja miki wannan. Ki yafe mini, Uwata. Ku yafe mini."