Basillar Mati

Shisshigi ciwo ne da mai shi yake kira taimako. Malam Mati na gefen Dawakin Tofa ya daɗe da wannan ciwo. In ka ɗaure akuyarka sai ya kwance ya sake ɗaurewa, in ka yi kunya a gonarka sai ya bi ta da ƙafa yana gyarawa, sannan ya tsaya jiran godiya.

A kakar bara Allah ya ba shi wake buhu uku. Niyyarsa in bazara ta yi ya kai kasuwar Dawanau ya sayar, ya sayo kwano ya rufe ɗakin da yake yoyo a kansa duk damina. Matarsa Zulaihatu ta san hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Da ya tafi ta'aziyya Bacirawa, sai ta sa aka kwashe waken aka kai siton maƙwabcinsu Uwaisu, malamin gona. Uwaisu ya juye shi a buhunan nan masu leda biyu a ciki, ya ɗaure tam, don ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Da Mati ya dawo, ta ce masa waken yana gidan yayanta.

Wata rana Uwaisu zai yi tafiya, Mati ya nemi aron injin feshi. Uwaisu ya miƙa masa mukullin sito, ya ce, "Baba, injin kaɗai za ka ɗauka."

Mati ya shiga, ya ga durom huɗu a rufe, ga kuma buhu uku a ɗaure kamar an shaƙe su. Ya ɗauka duk waken Uwaisu ne, ransa ya ɓaci. Shi tun yana yaro ya san hatsi yana numfashi, ga ɗan boko zai kashe wakensa da leda. Ya koma gida ya ɗauko basilla. Durom ɗin ƙarfe ne, suka gagare shi. Buhunan kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, har sai da ya gamsu iska tana shiga. Bai faɗa wa kowa ba, don a ganinsa alherin da aka ɓoye ya fi lada.

Bazara ta yi, Zulaihatu ta faɗa masa gaskiyar inda waken yake. Suka je tare. Uwaisu yana kwance buhun farko ƙwari suka taso, waken ya zama gari da ɓawo. Ya juya ledar ya ga huji a jere, tsaf, irin aikin mai haƙuri.

"Baba, wannan ba ɓera ba ne," in ji shi. "Ɓera ba ya auna tazara."

Zulaihatu ta dubi mijinta, ta ce, "Malam, ashe inda basillata ta shiga ke nan."

Waken Uwaisu na cikin durom ko ƙwaya bai taɓu ba. Mati kuwa ya rasa buhu uku, ya rasa irin shukar bana, ya rasa kwanon ɗaki. Ruwan farko a kan katifarsa ya sauka.